Ƙugiya da Lanƙwasa: Sharhi a kan Haruffan Ƙawa a Ɗab'in Hausa

1.0 Gabatarwa

A kwanakin baya wani abokin aikina ya miƙo mini katin gayyata na naɗin sarautar da za a yi wa wani ɗan'uwansa. Kati ne mai kauri, an buga shi da ruwan zinariya, haruffansa sun kishingiɗa dama suna riƙe da hannun juna kamar an rubuta su da alƙalami. Na yaba, sa'an nan na shiga karantawa. A layi na huɗu an so a ce za a yi naɗin a fada, amma kan harafin d ya lanƙwaso dama, har abin da idona ya fara gani shi ne faɗa. Can ƙasa kuma, inda aka jero sunayen manyan baƙi, harafin ƙ ya fito da wata siffa dabam, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar kalma, ya fi 'yan'uwansa kauri, bai kuwa haɗu da na gabansa ko na bayansa ba. Watau a kati ɗaya an sa ƙugiya inda ba a bukatarta, an kuma kasa samar da ita inda ake bukata.

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba irin waɗannan haruffa na ƙawa da maɗaba'unmu suke amfani da su a katunan ɗaurin aure da na naɗin sarauta da takardun shaida da na karramawa, a ga daga ina suka fito, mene ne kyansu, kuma me ya sa suke tuntuɓe idan aka ɗora musu Hausa. Zan yi amfani da kalmar zubi a matsayin sunan cikakken jerin haruffa masu kama ɗaya da aka zana don ɗab'i. Zan kuma bambanta kalmomi biyu da aka saba musanya su. Ƙugiya ita ce alamar da ke raba ɓ da b, da ɗ da d, da ƙ da k. Lanƙwasa kuwa ita ce duk wata karkata da mai zane ya ƙara wa harafi don ado kawai.

2.0 Asalin Waɗannan Haruffa

Haruffan ƙawa da suka cika katunanmu gida biyu ne, kowanne da tarihinsa.

Gida na farko daga Italiya ya fito. Rubutun hannu ne na magatakardan fadar Paparoma a birnin Rum, wanda Ludovico degli Arrighi ya bayyana ƙa'idojinsa cikin wani ɗan littafin koyar da rubutu mai ɗauke da shekarar 1522. Da alƙalami mai faffaɗan baki ake yinsa, haruffansa sun ɗan karkata, kuma dogayen cikinsu, watau b da d da h da k da l, sukan ƙare da ɗan tuta da ke lanƙwasawa dama. Daga wannan gida ne Hermann Zapf, Bajamushen nan da ya rayu daga 1918 zuwa 2015, ya zana Zapf Chancery a 1979. Monotype Corsiva, wanda ya zo mana cikin kwamfuta tare da manhajojin Microsoft, shi ma ɗan gidan ne.

Gida na biyu na Ingila ne. A ƙarshen ƙarni na 17 da cikin na 18, malaman koyar da rubutu irin su Charles Snell da George Shelley suka daidaita wani salon tafiyar tsutsa mai sirara da kaurara, wanda ake jan kalma guda ba tare da an cika ɗaga alƙalami ba. George Bickham ya sassaƙa ayyukan malamai 25 a kan faifayen tagulla, ya fitar da su kashi-kashi daga 1733 zuwa 1741 cikin littafin The Universal Penman. Abin lura a nan shi ne, wannan salo ba don sarakuna aka ƙirƙiro shi ba. Rubutun akawu ne da 'yan kasuwa, an so shi ne saboda sauri da tsabta wajen cika littafin lissafi da rubuta wasiƙun ciniki. Sai da keken rubutu ya karɓe wannan aiki sa'an nan salon ya koma kayan biki.

Mayar da shi zubin ɗab'i ya daɗe yana ba da wuya, domin kowane harafin dalma a kan ɗan sandansa yake zaune, haruffan da suka kwanta sosai kuma suka sarƙe da juna ba su son irin wannan zama. Da aka koma tsara haruffa ta hanyar hoto sai matsalar ta sassauta. A tsakiyar shekarun 1960 Matthew Carter ya zana Snell Roundhand, a 1972 ya ƙara da Shelley. Edwardian Script na Ed Benguiat ya biyo baya a 1994, Bickham Script na Richard Lipton a 1997, Zapfino na Zapf kuma a 1998.

Ba na cikin masu raina waɗannan ayyuka. Wanda ya ƙura wa Snell Roundhand ido zai ga yadda kowane harafi yake miƙa wa na gabansa hannu a daidai wuri ɗaya, yadda karkatar ba ta sāɓa, da yadda farin da ke tsakanin haruffa ya yi daidai da farin da ke cikinsu. Aikin gwanaye ne. Sai dai gwanayen nan harsunan Turai suka sa a gaba, kuma a harsunan Turai kan harafin b ko d ko k fili ne da babu mai shi. Mai zane yana da ikon ya lanƙwasa shi, ko ya naɗe shi, ko ya bar shi tsaye, ma'ana ba za ta motsa ba.

3.0 Inda Hausa Ta Ajiye Ma'ana

A Hausar boko wannan fili yana da mai shi. Kafin shekarun 1930 marubuta sun gwada hanyoyi dabam-dabam na nuna sautukan nan uku: wasu suka ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suka sa alamar ɗauri a gefensa. A shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East yake jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, ta kai su ko'ina. Jamhuriyar Nijar ta ƙara da na huɗu, watau ƴ, inda Nijeriya take rubuta 'y. A ganina zaɓin ƙugiya zaɓi ne mai kyau, domin ɗigo yana iya ɓacewa a mugun bugu, ƙugiya kuwa jikin harafi ce.

To, ga inda gizo yake saƙa. Ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ a saman harafi take, kuma dama take lanƙwasawa. Wannan shi ne ainihin wurin da zubin gidan Italiya yake kafa tutarsa, kuma ainihin fuskar da yake karkata ta. Saboda haka duk b da d da k da aka buga da irin wannan zubi sun riga sun yi kama da masu ƙugiya. Kafa ta zama ƙafa, bata ta zama ɓata, fada ta zama faɗa. A gidan Ingila kuwa, da yawa daga cikin zubin sukan naɗe kan b da k su yi madauki, ta yadda ko an so a ƙara ƙugiya babu inda za a rataya ta.

Manyan baƙaƙe sun fi shiga uku. Ƙugiyar Ɓ da ta Ɗ a hagu take, a kafaɗar harafi. A nan ne kuma kusan kowane zubin ƙawa yake fara jan B da D da wata doguwar lanƙwasa. Kalmar da ta fi kowace girma a katin biki ita ce Ɗaurin Aure, ga shi kuwa ba a iya rarrabe harafinta na farko da na Daura ko na Dauda. Mai karatu yana gane abin da ake nufi, amma da saninsa na duniya yake ganewa, harafin bai taimake shi da kome ba.

Wannan ita ce matsala ta farko, kuma ita ce babba, domin ko an ƙara haruffanmu cikin zubi ba ta kau ba. Ta biyu ita ce wadda kowa ya sani: mafi yawan waɗannan zubi ba su ƙunshi haruffa masu ƙugiya ba sam, duk da cewa tsarin Unicode ya ba su lambobinsu tun farkon shekarun 1990. Idan mai ɗab'i ya buga ƙ, kwamfuta ta nema ta rasa, sai ta aro daga wani zubi, abin da ya faru ke nan a katin abokina. Mai ɗab'in da ya ga wannan muni yakan zaɓi ya zubar da ƙugiyar gaba ɗaya. Ta haka ne manyan baƙi suke komawa manyan baki, ƙasa ta koma kasa, ɗa ya koma da.

Akwai ƙananan matsaloli da suke bin waɗannan. Hausa tana yawan ninka baƙi, kamar a gayyata da kyakkyawa da ƙaƙƙarfa, kuma wutsiyoyin y guda biyu masu madauki sukan hau juna idan suka jeru. Alamar ɗauri a jama'a da addu'a da 'ya'ya baƙi ce mai zaman kanta a wurinmu, amma a zubin ƙawa 'yar mitsitsiya ce, sau da yawa lanƙwasar harafin kusa takan haɗiye ta. Sa'an nan ga wata al'ada da ba laifin zubi ba ce, laifin mai aiki da shi ne, watau a rubuta suna sukutum da manyan baƙaƙen ƙawa. Waɗannan an zana su ne don su buɗe kalma, ƙananan su biyo. In aka jera su sai su zama kamar sarakuna goma a shimfiɗa ɗaya, ba mai iya karanta sunan ango sai wanda ya riga ya san shi.

4.0 Hujjar Masu Cewa Ba Kome

Na sha jin ana cewa kati ba littafin makaranta ba ne, Bahaushe kuma ba zai je fada da sanda ba don ya ga an rubuta faɗa. Akwai gaskiya a ciki. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, muna kuwa karantawa lafiya. Amma wannan hujja da kanta take nuna haɗarin. Tun da mun riga mun ɗora wa mai karatu nauyin cike waɗancan giɓɓa biyu, ƙara masa na uku ba adalci ba ne. Baki da baƙi, in an cire ƙugiya, sun zama kalma ɗaya mai ɗauke da ma'anar bakin mutum da launi da harafi da mutanen da suka zo daga nesa.

Bugu da ƙari, takardun da ake yi wa irin wannan ado su ne waɗanda ake ajiyewa. Jarida takan ƙare a wurin mai ƙosai, amma takardar shaidar naɗi ko ta karramawa gilashi ake sa mata a rataye a zaure shekara da shekaru. Yaron da ya tashi yana ganinta zai ɗauka cewa ƙugiya abin aji ne, da an zo wurin girma sai a tuɓe ta. Kuma suna ba ya karɓar canki. Wanda aka rubuta sunan mahaifinsa ba daidai ba a takardar da ya yi shekaru yana wahalar nema, ba a ba shi haƙuri da cewa rubutun ya yi kyau.

Ya kamata a tuna cewa an taɓa fuskantar irin wannan matsala a rubutun yau da kullum, aka kuma yi maganinta. A tsakiyar shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsaya a kan samar da zubi guda da zai wadaci harsunan Nijeriya, bisa shawarar da Farfesa Kay Williamson ta gabatar. Edward Oguejiofor da Victor Manfredi suka yi aikin, wanda ya taimaka musu da ƙwarewar zane kuwa shi ne Hermann Zapf ɗin nan dai. Ashe mai zanen da tutarsa take rikita mana d da ɗ ya san darajar ƙugiya sarai sa'ad da aka gaya masa harshen da zai yi wa aiki. Laifin ba na masu zane ba ne. Mu ne muka ɗauki rigar da aka ɗinka wa wani muka sa ba tare da mun kai ta wurin tela ba.

5.0 Darasi Daga Ajami

Abin mamaki shi ne muna da tsohuwar al'adar rubutun ƙawa wadda ta daɗe da warware wannan rikici. Alaramman da ya zauna rubuta Alƙur'ani da ka ya san abin da yake na ma'ana da abin da yake na ado, bai kuwa taɓa barin ɗaya ya shiga gonar ɗaya ba. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da ruwan ɗorawa. Fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama, bisa al'adar Magariba. Zayyana tana da wurinta, a gefen shafi inda ake nuna hizifi da sumuni, ko a shafin da aka keɓe mata, ko a allon sauka. Ba a taɓa jin gwani ya ƙara wa harafi ɗigo don ya yi kyau ba.

Har sunayen da makarantar allo ta ba haruffa suna nuna idon da ya lura da siffa: ba guje, lam jaye, ha kuri, am baki wofi, jim ƙarami koma baya, shin mai ruwa. Kowane suna yana gaya wa yaro inda harafi ya nufa da abin da ya raba shi da ɗan'uwansa. Wannan ilmin sharhin haruffa ne cikakke, da Hausa, tun kafin boko.

Da ɗab'i ya zo, mutanenmu ba su yarda da haruffan dalma na Gabas a matsayin madadin hannunsu ba. Daga shekarun 1950 aka riƙa ɗaukar hoton abin da marubuta suka rubuta da hannu ana bugawa, ta haka rubutun Kano mai kauri ya cika kasuwannin littattafai, Alƙur'anin da Sharif Bala Gabari ya rubuta kuma ya zama abin koyi. Masana irin su A. D. H. Bivar da Andrea Brigaglia sun yi nazarin waɗannan salo, sun kuma nuna dangantakar rubutun Kano da na Barno.

A 2017 ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL International ta fitar da wani zubin kwamfuta mai suna Alkalami, wanda Becca Hirsbrunner Spalinger ta zana bisa rubutun Kano, ana kuma samunsa kyauta. Shekara guda kafin nan, a 2016, Unicode ta ba fa da ƙaf da nun irin namu lambobinsu na kansu. A ra'ayina Alkalami ya yi nasara a inda ya fi muhimmanci. Ya riƙe kaurin alƙalamin gamba da nauyin layi, wanda ya yi karatun allo zai gane shi nan take a matsayin nasa, kuma wannan nauyi ya sa ya dace da kanu da bangon littafi da takardar shaida. Yana da iyakarsa. Kowace ba da ya fitar tagwayen 'yar'uwarta ce, alhali rayuwar rubutun hannu tana cikin ɗan bambancin da ke tsakanin layi da layi. Akwai kuma tsoron kada sauƙin samunsa ya sa a ɗauka salon Kano shi kaɗai ne ajami, a manta da na Barno da sauransu. Fitowar Ruwudu daga baya, wanda ƙungiyar ta gina a kan salon da ake yi a ƙasar Manga ta Nijar, ta ɗan rage wannan tsoro. Duk da haka hanyar da aka bi ita ce darasin: an fara da duba hannun masu harshe, sa'an nan aka zana.

6.0 Abin Da Zubin Ƙawa Na Hausa Yake Bukata

Ban ce a kwaikwayi siffar ajami a boko ba, irin wannan gauraye ba ya haifar da ɗa mai ido. Ƙa'idar nake so a ɗauka, watau a san wurin ma'ana a tsare shi, a kai ado wani wuri. Idan aka bi ta, sharuɗɗa huɗu za su fito.

Na farko, kan b da d da k ya tsaya a miƙe, ba tuta ba madauki, domin ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ta fito fili ko daga nesa. Na biyu, manyan B da D su bar kafaɗarsu ta hagu a sake, lanƙwasarsu ta koma ƙasa ko ta bi ƙarshen kalma. Na uku, a ba alamar ɗauri girma da sarari irin na cikakken baƙi. Na huɗu, a gwada zubin da kalmominmu, irin su ɗaurin aure da gayyata da ƙaƙƙarfa da 'ya'ya, kafin a ce ya gamu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin fasahar yau. Tsarin OpenType yana ba zubi guda damar ya sauya siffar harafi gwargwadon harshen da ake bugawa, lasisin kyauta da ake fitar da zubi da yawa a ƙarƙashinsa kuma ya halatta wa kowa ya gyara ya ƙara. A 'yan shekarun nan an fara samun zubi na kyauta da suka ƙunshi haruffan harsunan Afirka, abin a yaba ne. Amma kasancewar ƙ cikin zubi ba ta isa ba, sai an ajiye ta kusa da k an ga ko ido zai raba su. Wannan hukunci kuwa na masu harshe ne. Sassan Hausa da na zane-zane a jami'o'inmu suna zaune kusa da juna, ga kuma marubutan allo da masu rubuta allunan shaguna da na motoci, waɗanda hannunsu ya saba da kalmominmu. Aikin ɗalibi ɗaya mai neman babban digiri, in an haɗa masa malamai daga sassan biyu, zai iya zama mafari.

7.0 Kammalawa

Wannan sharhi ya yi ƙoƙarin nuna cewa haruffan ƙawa da muka aro daga Italiya da Ingila kyawawa ne a gidajensu, amma suna sa adonsu a daidai wurin da Hausa ta ajiye ma'anarta. Kafin a sami zubin da aka yi domin mu, shawarata ga masu ɗab'i mai sauƙi ce. A buga Hausar kati da zubi mai cikakkun haruffa wanda dogayensa suke a miƙe, a bar ƙawa ga gefe da launi da ingancin takarda, kamar yadda alaramma yake barin zayyana a gefen shafi. Wanda ya kawo aiki kuma ya karanta gwajin bugu da idon malamin aji ɗaya kafin ya biya. Na mayar wa abokina katinsa na nuna masa layi na huɗu. Ya yi dariya, sa'an nan ya yi shiru, domin an riga an raba ɗari biyar.